Ɓarawon Layi Ɗaya

Ranar Litinin aka wayi gari da sata a gidan burodin Hajiya. Buhunan fulawa suna nan cif, sukari yana nan, ko cokalin bota bai yi ƙafa ba. Layi ɗaya na rubutu aka ɗauke daga cikin kwamfutar ofis.

Abin yana son bayani. Kwamfuta biyu ce a gidan. Babbar tana ƙasa cikin sito, ita ke riƙe da jerin shagunan da ake kai wa burodi, da motar da za ta bi kowace unguwa. Ƙaramar tana sama a ofis, ita Sakatariya ke dannawa kowace safiya ta kira ta sito, firinta ta fito wa kowane direba da takardarsa. To ta siton tana da cikakken suna mai tsawon gaske, wanda ba mai iya riƙewa. Shi ne marigayi Mai Waya, mai kula da kwamfutocin gidan, Allah ya jikansa, ya rubuta wa ta ofis layi ɗaya, ya ce mata duk sunan da aka ba ta guntu ta ƙara masa wutsiya kaza. Da an ce sito ta san wadda ake nufi, kamar yadda in an ce Yaya a gidanku ba a tambayar wane Yaya.

Wannan layin ne ya ɓace. Kwamfuta ta kafe a kan ba ta san wata sito ba, ba ta ma taɓa jin labarinta ba.

Motoci suka fita da abin da direbobi suka iya tunawa. Aka sauke wa mai shagon aski kwando shida, shi da ke karɓar burodi guda biyar kacal. Makarantar da ke jiran kwando shida ta sami guda biyar.

Hajiya ta kira surukinta. Gyaran wayar hannu yake yi a bakin titi, amma yana ɗaura nakataya, don haka ake ce masa Injiniya. Ya leƙa ƙarƙashin tebur ya ga 'yar takarda a manne da rubutun marigayi, ya kwafe layin ya mayar, kwamfuta ta tuna da sito. Talata da safe layi ya ɓace. Ya sake mayarwa. Laraba da safe babu shi.

"Hajiya, wannan ba lalacewa ba ce," in ji Injiniya yana gyara nakataya. "Hannu ne. Akwai mai gogewa."

Ba wanda ya ambaci suna, amma ido duk ya koma kan Mai Shara.

Ita ce matar marigayin. Ita ke fara buɗe ofis da ƙarfe shida, ita ke ɗaga babban makunnin wuta da ke gindin bene, da yamma kuma ita ke sauke shi. Wata huɗu tana gida bayan rasuwar, kwamfuta ba ta ko yi tari ba. Ranar Lahadi da yamma ta dawo bakin aiki, Litinin layi ya ɓace.

"Ni ban ce ke ba ce," in ji Hajiya. "Amma ranar Asabar in abin nan bai tsaya ba, ki ajiye mini mabuɗi ki huta."

Mai Shara ta ɗauki bokitinta ta sauka.

Baba Mai Sawu yana zaune a bakin ƙofar gida bisa bencinsa ya ga saukowarta. Gadi yake yi yanzu, tun da gwiwa ta ci amanarsa. A da kuwa in akuya ta ɓace shi ake nema. Yakan durƙusa ya dubi ƙasa ya ce wanda ya ja ta gurgu ne, kuma ya tsaya ya yi fitsari a gindin bishiya ta uku. Karatun boko ba shi da shi ko na rubuta sunansa. Ya dubi yadda take jan ƙafar hagu, ya san an faɗa mata magana.

"'Yata, me aka ce?"

"Aiki in ya tafi ya tafi, Baba. Abin da ba zan iya ɗauka ba, a ce matar Mai Waya ce ke ɓata aikin Mai Waya."

Ya miƙe da ƙyar, gwiwa ta yi ƙara. Ya hau sama ya ce wa Hajiya a ba shi kwana uku.

"Baba, ba akuya ba ce fa. Rubutu ne."

"An ɗauke shi ko ba a ɗauke ba?"

"An ɗauke."

"To mai ɗauka yana da ƙafa."

*

Ya fara da Babban Direba, don shi kaɗai ne ya ga yana fara'a tun Litinin. Ya same shi yana wanke mota. Bai yi masa tambaya ba, ya zagaya motar sau ɗaya ya sa ɗan yatsa ya kankaro laka daga taya.

"Jar laka. A duk inda kake kai burodi babu jar laka."

"Hanya ce ta lalace, Baba, na zagaya."

"Ka zagaya kwana uku a jere. Ka kuma tsaya a ƙarƙashin bishiya mai zubar da fure, ga shi nan a rufin mota. Ka daɗe a tsaye, don furen ya taru. Ka kuma sa turare."

Direba ya ajiye tsumma. Ya waiga hagu da dama.

"Don Allah, Baba, kada Hajiya ta ji. Wata malamar asibiti ce nake nema, an kusa a yi magana. In babu takarda ba mai sanin inda na bi."

"To kai ka ɗauke layin."

"Ni? Na rantse ko benen nan ban taɓa hawa ba tun ranar da wutar firinta ta ja ni. Ka tambayi kowa. Daɗi dai na ji, amma jin daɗi ba laifi ba ne."

Mai Sawu ya dubi takalmansa. Ƙafa ce kamar faranti. Da ta hau bene da ya gani.

Mai Tanda yana zare burodi daga wuta, gumi har gwiwar hannu. Shi tun ranar da aka kawo kwamfuta yake gaba da ita.

"Da allo da alli muka yi shekara ashirin," ya ce. "Ka taɓa jin alli ya ce bai san sito ba?"

"Ana cewa kai ne."

"Baba, ka san ni. Da ni ne, layi ɗaya zan ɗauka? Ita da teburinta zan jefa a nan." Ya nuna bakin tanda da dogon katakonsa. "In ka kama ɓarawon ka gaya masa ya zo, yana da burodi mai zafi a wurina kullum."

Sakatariya tana ofis tana hura ƙumbunanta, dogaye, ja wur. Da ta ga ya shigo sai ta tura aljihun tebur da gwiwa.

"Ɗiyata, bar rufewa, na ga kiyashi suna layi tun daga bakin ƙofa. Botar Hajiya ce, ba ita na zo nema ba. Rubutun nan fa?"

"Baba, ni da rubutu? Dubi hannuna." Ta baje yatsu. "Shekara biyar ina nan, linzamin kwamfuta kawai nake riƙewa, sai lambobin gefe in za a sa yawan kwando. Haruffan nan ko taɓa su ba na yi, karya mini ƙumba suke."

Ya gyaɗa kai ya fita. Maganar ta wuce shi a lokacin kamar iska.

*

Alhamis da yamma ya ɗana tarko. Ya sa Injiniya ya mayar da layin a gabansa, ya kori kowa, ya aro rariya daga wurin Mai Tanda. Ya tankaɗe fulawa a ƙasan ofis tun daga taga har ƙofa, da kan tebur, da kan kujera, da kan madannan kwamfuta, yana ja da baya har ya fita. Ya kulle ya sa mabuɗi a hularsa. Mai Shara ta sauke makunni a gindin bene, kowa ya tafi gida.

Juma'a da safe aka taru a ƙofar ofis. Mai Shara ta ɗaga makunni daga ƙasa, kwamfuta ta farka da kanta kamar yadda ta saba. Mai Sawu ya buɗe ya durƙusa.

Fulawa tana nan lumui. Sawu ɗaya ne tak, na tsaka. Ta sauko daga bango, ta je rabin ɗaki, ta yi shawara, ta koma.

Layi kuwa ya ɓace.

"To," in ji Mai Tanda, "wanda ba ya barin sawu dai mun san ko wane ne. Mai abu ne ya dawo karɓar abinsa."

Mai Shara tana tsaye a matakala ta ji. Ta juya ta sauka a hankali.

"Ka ji kunya," in ji Mai Sawu. Mai Tanda ya sunkuyar da kai.

Hajiya kuma fulawarta take kallo. "Rabin kwano, Baba. Rabin kwano ka zubar don ka kamo mini tsaka."

"Daga nesa ma ana iya yi," in ji Injiniya. "Wanda ya zauna da masanin abu shekara da shekaru, ai ba ya rasa ɗan abin da ya tsinta. Ni dai ban ce kowa ba."

Ya tako cikin fulawar, ya karkaɗe kujera, ya zauna ya fara mayar da layin da yatsa biyu, yana duban 'yar takarda. Mai Sawu yana tsaye a kansa ba don komai ba, sai don gwiwa ta hana shi saurin fita. Duk inda yatsan Injiniya ya sauka sai ya bar tabo a farar fulawa. Da ya gama, wasu madannai sun taɓu, wasu suna nan fari fat.

"Ɗaga hannunka," in ji Mai Sawu.

Ya sunkuya ya hura a hankali. Fulawa ta tashi. Ya hura kuma. Ya kawo idonsa dab da madannan kamar mai neman allura.

Waɗanda Injiniya ya taɓa duk sun suɗe. Sun yi santsi suna ƙyalli, haruffansu sun kusa gogewa, tsakiyarsu ta ɗan lotsa kamar bakin matakalar da aka daɗe ana takawa. Waɗanda bai taɓa ba kuwa sababbi ne kar, kamar jiya aka sayo.

Ya dubi ƙumbunan Sakatariya. Ya sake duban madannai.

"Injiniya, sau nawa ka rubuta layin nan?"

"Da na yau, biyar."

"Taku biyar ba ya fitar da hanya," in ji Mai Sawu, ya fita.

*

Ya sami Mai Shara a bakin famfo tana wanke tsumma wanda ya riga ya fita. Ya kifa wani bokiti ya zauna.

"'Yata, marigayi ƙarfe nawa aikinsa yake farawa?"

"Tara."

"Amma ni kullum ƙarfe shida nake buɗe muku ƙofa, ku biyu."

"Cewa yake kwamfutar ce ke nemansa da sassafe. Wai in ta tashi ba ta gan shi ba, rikicewa take." Ta matse tsumma. "Shi yake ɗaukar mini bokiti ya hau da shi. Sai ya zauna da kofin shayinsa, ya yi ɗan ƙwas-ƙwas ɗinsa, ko minti biyu ba ya kaiwa. Shi ke nan fa aikin. Sauran lokacin yana zaune yana gaya mini ban share bayan ƙofa ba."

"Kullum?"

"Shekara bakwai. Har ranar da aka kai shi asibiti, sai da ya hau ya yi."

"Da kina gida wata huɗu, wa ke sauke makunni da yamma?"

Ta ɗan yi tunani. "Babu. Mai Tanda ya ce mini har fitilar ofis a kunne take kwana. Ai akwai batir, ko an ɗauke wuta ba ta mutuwa, sai dai in an sauke makunni."

Mai Sawu ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin kwata.

"Ya bar wani littafi?"

Ta buɗe jakarta. Ƙaramin littafi ne mai baƙin bango, an ɗaure shi da roba. "A aljihunsa yake. Ba na iya karanta irin wannan. Ina dai yawo da shi."

"Ki zo da shi gobe."

*

Asabar da hantsi, bayan motoci sun dawo, ya tara su a ofis: Hajiya, Injiniya, Sakatariya, Mai Tanda, Mai Shara. Babban Direba ya tsaya a bakin ƙofa, nesa da firinta.

"Injiniya, layin yana nan?"

"Na mayar da shi da safe. Ga shi."

"Kowa ya ɗora hannu biyu a ka."

"Har ni?" in ji Hajiya.

"Ranki ya daɗe, har ke. Fulawarki ce, kwamfutarki ce, ba a cire ki ba."

Ta ɗora, tana harararsa. Shi kuma ya sauka da gwiwarsa mai ƙara, ya sauke makunni, ya ƙirga goma, ya ɗaga. Ya hawo yana haki. Suna nan tsaye kamar ɗaliban da aka kama da surutu.

"Duba."

Injiniya ya sauke hannu ɗaya ya duba. Ya sake dubawa. "Babu."

"Wa ya taɓa?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Tun Laraba nake neman wanda ya fara satar nan a makon nan," in ji Mai Sawu. "Ashe na makara da shekara bakwai. Ku dubi madannan nan. Sakatariya ba ta taɓa haruffa. Injiniya sau shida ya rubuta. Amma haruffan layin nan kaɗai sun suɗe kamar dutsen wanki. Wani ya rubuta shi sau dubbai. Ba a kuma rubuta abu sau dubbai sai in ana goge shi sau dubbai. Duk safiyar da aka kunna kwamfutar nan layin yana ɓacewa, marigayi yana mayarwa kafin kowa ya zo. Da ya kwanta, ba a sake kashe ta ba, na ƙarshen da ya rubuta ya zauna wata huɗu. Baiwar Allah nan ta dawo ta yi aikinta, ta sauke makunni kamar yadda Hajiya ta ce a riƙa yi. Laifinta ke nan."

"To wa ke gogewa?" in ji Hajiya. Hannunta yana ka har yanzu.

"Ni sawu na iya. Karatu sai Injiniya."

Mai Shara ta cire robar ta miƙa littafin. Injiniya ya yi ta buɗawa yana motsa baki, har ya tsaya a wani shafi. Ya ɗaga kai ya dubi ɗan akwatin da ke manne a bango sama da taga, mai fitilu kore suna ƙiftawa.

"Wancan ne," ya ce.

Kowa ya dubi akwatin. Akwatin ya ci gaba da ƙiftawa.

Injiniya ya karanto, yana yi yana fassarawa. Duk sanda kwamfuta ta farka, sai ta tambayi akwatin bango lambarta ta yau da hanyar da za ta bi. Akwati ya ba ta sabon bayani, ita kuma ta share tsohon shafi gaba ɗaya ta rubuta sabon a kai. Akwatin bai san da wata wutsiyar suna ba, don haka ba ya bayarwa. Duk abin da aka rubuta da hannu a wannan shafin, kwanansa ɗaya.

"Ai dama na yi zargin haka," in ji Injiniya.

"Ka yi zargin matar mutane dai," in ji Mai Tanda. Sannan ya matsa ƙarƙashin akwatin ya dube shi da girmamawa. "Na yi alkawarin burodi, amma ban san yadda zan ba ka ba."

"Ba magani ke nan?" in ji Hajiya.

"Akwai, ga shi a shafi na gaba. Wani wuri ne daban, inda kwamfuta ke ajiye ƙa'idar yadda za ta karɓi saƙon akwati. A nan ake rubuta mata cewa duk abin da aka ba ta ta karɓa, amma wutsiyar nan ta riƙa sa ta a gaba kullum. Sau ɗaya ake yi, an gama har abada." Ya kawo littafin kusa da ido. "Ya sa kwanan wata. Shekara bakwai ke nan. Ya kuma ja layi a ƙasa ya rubuta wani abu."

"Me ya rubuta?"

"Ya ce: Ba yanzu ba."

Hajiya ta sauke hannuwanta a hankali. Ta zauna a kujerar Sakatariya.

"Shekara bakwai," ta ce. "Shekarar da na buɗe reshe a can ƙetaren gari. Na ce masa ya riƙa kama aiki a can tun da safe, ya ce mini kwamfutar nan ba ta tashi sai da shi. Har rantsuwa ya yi mini. Na ce ikon Allah, na'ura da sabo." Ta juya ta dubi Mai Shara. "Ashe bokitinki ne ba ya hawa bene sai da shi."

Direba ya fara dariya daga bakin ƙofa, Sakatariya ta kama. Mai Shara ma ta yi, hannu a baki, kafaɗa tana rawa, har dariyar ta juye ta zama wani abu. Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Hajiya ta tashi ta zaunar da ita a kujerar, ta tsaya a gefenta.

"Riƙe mabuɗinki," ta ce. "Shi kuma, Allah ya jikansa, in mun haɗu zai yi mini bayani."

Injiniya ya rubuta gyaran yana duban littafi, harafi bayan harafi. Mai Sawu ya sake sauka, ya kashe, ya kunna. Layi ya tsaya. Aka sake, ya tsaya. Babban Direba ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka rufe wa hanyar jar laka.

Hajiya ta ce a sayo sababbin madannai, waɗannan sun tsufa. Mai Sawu ya ce ranki ya daɗe a bar su, suna aiki.

*

Litinin da ƙarfe shida ya buɗe wa Mai Shara ƙofa. Ya miƙa hannu zai ɗauki bokitin, ta ce ya bari, gwiwarsa ba ta kai ta marigayi ba, shi ma ɗin da mita yake hawa. Ta hau ita kaɗai.

Ya jira ya ji ƙarar makunni bai ji ba. Da shirun ya yi yawa sai ya bi ta a hankali, yana dafa bango.

Ƙofar ofis a buɗe take. Kwamfuta a kashe, fuskarta baƙa. Mai Shara tana zaune a kujera, tsintsiya a jingine da tebur. Ba ta san sunan harafi ko ɗaya a cikinsu ba, amma yatsa yana gane inda ya lotsa. Tana bin su ɗaya bayan ɗaya, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ko minti biyu ba ta kai ba. Ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta fara da bayan ƙofa.

Mai Sawu ya juya ya sauka ba tare da ta gan shi ba. A gindin bene ya ɗaga mata makunni, ya koma bencinsa.